Haƙorin Dije: Daga Roni Zuwa Ɓaɓura

Alhamis: Roni zuwa Gwiwa

Na bar gida ƙarfe shida saura kwata, ana idar da sallar asuba, ranar wata Alhamis a tsakiyar damina. A jakata akwai auduga, da allurar kashe zafi, da awartakin cire haƙori da na dafa na naɗe a farin ƙyalle. Shekara talatin da ɗaya na yi a ɗakin shan magani kafin in yi ritaya, kuma har yau a Roni duk wanda haƙori ya dama ni yake nema. Wannan karon surukina Manu ne ya bugo waya daga rugarsu da ke bayan Gwiwa. Ya ce jikata Dije, 'yar shekara tara, ta kwana uku leɓe a kumbure, in taimaka in zo in raba ta da haƙorin.

Sale mai babur, maƙwabcina, shi ya ɗauke ni. Ya ce mu yanke ta cikin gonaki, ya fi kusa a kan mu zaga ta kwalta. An yi ruwa da daddare, gero ya kai ƙirji, sau biyu muna sauka muna tura babur a cikin taɓo. Ƙarfe bakwai da minti ashirin muka wuce garin Gwiwa, takwas saura muka isa rugar. 'Yata Binta ta fito da ƙwaryar nono, muka gaisa, sai ga Manu ya dawo daga wajen shanu ya durƙusa nesa kaɗan kamar yadda ya saba.

Na zaunar da Dije a kan turmi, fuskarta na kallon gabas don in sami haske. Haƙorin gaba ne na sama. Gefensa ya ɓalle, launinsa ya koma kamar toka, ga ƙurji a dasashi daidai saitinsa. Binta ta ce wata huɗu da suka wuce hannun famfon tuƙa-tuƙa ya buge ta a baki. Ta yi kuka kwana biyu, ciwon ya lafa, kowa ya manta.

Na warware ƙyallen, har na ɗauko allura. Sai na sake duban bakin. Fiƙarta ta yarinta tana nan ba ta faɗi ba, ƙarama, fara. Shi kuwa wannan da zan cire, wanda ya fito bayan famfara ne. In ya fita, babu wani a bayansa. Na san wannan tun ina ɗalibi, amma ban taɓa tsayawa na yi tunaninsa da awartaki a gabana ba.

Na mayar da allurar cikin jaka.

Manu ya ce, "Baba, akwai abin da ya rage ne a kawo?"

Na ce, "Babu. So nake a ɗauki hotonsa a Kazaure tukuna."

Ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa. Can ya ce, "Baba, yarinyar ba ta iya cin abinci. Kai ne mai aikin nan, mutane daga nesa suke zuwa wajenka. Ga noma ya kama mu, ba mai raka ku."

"Ni zan kai ta. Ka ba ni kwana biyu. In sun ce a cire, da hannuna zan cire."

Da na waiwaya, sai na ga Binta ta riga ta ƙulle wa Dije kaya kala biyu a ɗankwali ta ajiye a bakin ƙofa. Manu ya dubi ƙullin, ya dubi matarsa, ya ce, "Allah ya tsare hanya."

Kazaure

Na ba ta maganin rage zafi, muka hau babur mu uku, ita a tsakiya. A Gwiwa na sallami Sale, muka shiga ƙaramar mota mai ɗauke da buhunan taki da mutum bakwai. Tafiyar ba ta fi kilomita ashirin da wani abu ba, amma direban yana tsayawa a kowane ƙauye, sai sha ɗaya da rabi muka hango duwatsun Kazaure. Dije tana gefena duk hanya. Ta rufe baki da gefen hijabi ta jingina da kafaɗata.

A-daidaita-sahu ya kai mu wani ƙaramin ɗakin duba haƙori da Nasiru yake riƙe da shi. Nasiru ya taɓa yin wata uku a hannuna lokacin yana koyon aiki, yanzu ga shi da furfura a gemu. Ya miƙe ya ba ni kujerarsa. Ya sa wa Dije ɗan faranti a baki, ya ɗauki hoto, bayan ɗan lokaci ya ɗaga shi a jikin taga.

"Baba Malam, duba nan. Saiwar ba ta gama girma ba. Ka ga ƙarshenta a buɗe kamar bakin mazurari, bangonta siriri. Jijiyar ta mutu tun ranar da aka buge shi, daga ranar girman ya tsaya."

Na ce, "A kwashe jijiyar a cike ramin mana, kamar yadda kuke yi wa manya."

"Ko na cike ba zai daɗe ba. Saiwa irin wannan, ta ciji ƙashi ɗaya ta tsage."

"Wato cirewar ce dai."

Ya ajiye hoton. Ya ce akwai wata likitar haƙori, Dakta Hadiza, 'yar Ɓaɓura ce, a Kano take aiki take kuma koyarwa. Asabar ɗin farko ta kowane wata takan je gida ganin mahaifiyarta, ta duba mutane a wani ƙaramin asibiti a can, da kayan aikinta a bayan mota. Ya ce ya taɓa tura mata yaro mai irin wannan matsalar, kuma haƙorin yana nan a bakinsa. "Ban iya aikin ba, ba zan ce maka na iya ba. Cewa take yi jini take maido wa haƙorin. Jibi Asabar ce."

Na fita waje na kira Manu. Sai da na kira sau uku ya shiga. Na gaya masa tafiya ta ƙaru, har Ɓaɓura. Ya ce, "Ɓaɓura kuma, Baba? Saboda haƙori ɗaya?" Na ce ƙwarai. Na ji saniya na kuka a bayansa. Ya ce, "Jikarka ce."

Muka sauka a gidan ƙanwata Ladi. Ta dama wa Dije kunun gyaɗa ta tace, yarinyar ta sha kofi biyu ta gefen baki, wanda rabonta da abin kirki a ciki kwana uku ke nan.

Juma'a: Kazaure zuwa Ɓaɓura

Ƙarfe bakwai da rabi muna tasha, mota ba ta cika ba sai tara saura minti goma. Muka yi kudu zuwa Dambatta, a can muka sauya mota muka karya gabas. Kusa da ni wani ɗan Nijar ne mai fataucin awaki, yana ta gardama da direba a kan yadda sefa ta tashi a wannan makon. A baya wata dattijuwa ta lura da kumburin Dije, ta kwance bakin zani ta miƙo kanumfari uku, ta ce a danna a wajen. Na karɓa na yi godiya. Ni ma na sha ba mutane wannan shawarar.

Shingen jami'an tsaro uku muka wuce. A na ƙarshe, kusa da gari, jami'in ya ce a sauke jakunkuna. Ya buɗe tawa, ya warware farin ƙyallen, ya ɗaga awartakin yana juya shi.

"Baba, wannan fa?"

"Na cire haƙori ne."

Ya dubi Dije da kumburinta. "Kana da wannan a jaka, kuma kake wahalar da yarinya a mota?"

Na ce, "Shi ya sa nake wahalar da ita." Bai gane ba, ni ma ban yi ƙarin bayani ba. Ya naɗe shi yadda ya same shi ya miƙo mini. Sha biyu saura kwata muka shiga Ɓaɓura.

Masaukinmu gidan Malam Idi ne, tsohon abokin aikina, wanda muka yi shekara shida tare a ɗakin shan magani ɗaya kafin a mayar da shi garinsu. Bayan mun sauko daga masallaci aka kawo dambu da zogale, aka yi wa Dije fate. Sai na lura an kawo wa Malam Idi nasa naman daban, a dake.

Ya ga ina kallo, ya yi dariya. "Aikinka ne ai. Turamen haƙori huɗu ka cire mini, biyu a dama biyu a hagu. Ka manta?"

Na manta. Wallahi na manta sarai.

Ya ce, "Kada ka ɓata rai. Ciwo ka cire mini, kuma a lokacin ba ka da wani abu sai wannan ƙarfen. Ban taɓa riƙe ka a zuciya ba. Sai dai tsire ni da shi sai kallo."

Bayan la'asar na zauna a ƙofar gida ina tunani. Mutum yakan zo mini yana riƙe da kumatu, ya tafi yana sa mini albarka, ni kuma a wajena aiki ya ƙare ke nan. Ban taɓa bin wani na ga yadda yake tauna bayan shekara goma ba. Ban ce na yi laifi ba, domin ƙurjin haƙori yana kisa, na ga wanda ya kashe. Amma na yi ta ƙoƙarin tuno yara nawa ne masu shekarun Dije a cikinsu, fuskoki biyu zuwa uku suka zo mini, sauran suka ƙi zuwa.

Asabar: wajen Dakta Hadiza

Takwas daidai muka isa, mu ne na huɗu a benci. Dakta Hadiza ba ta kai shekara arba'in ba, gajera ce, mai magana a hankali. Ta gaishe ni da ladabi, ta karɓi hoton da Nasiru ya ba mu, ta daɗe tana dubawa. Da na gaya mata aikin da na yi, sai ta jawo kujera ta ɗauko takarda ta zana haƙori.

"Baba, tunda ka san aikin, bari in yi maka bayani sosai. Cikin haƙori rami ne, a ciki akwai ɗan nama mai jijiyoyin jini da jijiyar da ke jin zafi da sanyi. Nata ya mutu ya ruɓe. Amma a nan," ta ɗiga alƙalami a ƙarshen saiwar, "akwai wani ɗan tsiro na nama da yake wajen yara kawai, waɗanda saiwarsu ba ta rufe ba. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta na asali, waɗanda ba su riga sun zama komai ba. Su ne suke gina saiwar tun farko. Sau da yawa ciwo yakan kashe na cikin ramin ya bar su da rai."

"To yaya za a yi su shiga ciki?"

"Yau zan wanke ramin, in zuba magani in rufe. Bayan wata ɗaya, in ƙurjin ya mutu, zan sa siririn ƙarfe in tsokani wajen har ya yi jini. Jinin zai hau ya cika ramin, ya taho da ƙwayoyin. In ya daskare sai in rufe a kansa. Daga nan aikin ba nawa ba ne. In Allah ya yarda, sababbin jijiyoyin jini su tsiro a ciki, saiwar ta ci gaba da girma daga inda ta tsaya."

Na ce, "Mu a zamaninmu tsayar da jini aka koya mana."

Ta yi murmushi. "Mu ma shi aka fara koya mana." Sannan ta ajiye alƙalamin. "Amma ban yi maka alkawari ba, Baba. Wani yakan yi, wani ba ya yi. In bai yi ba akwai wata hanyar toshe saiwar, sai dai haƙorin zai zauna da rauninsa. Abin da ya fi kashe mini aiki shi ne a zo na farko, ciwo ya tafi, a ƙi dawowa."

Ta juya wajen Dije. "'Yan mata, me ake kiran ki?"

Dije ta faɗa ta cikin hijabi.

"Allurar za ta yi zafi kamar cizon cinnaka, in ƙirga biyar ya wuce. In kin ji wani zafi bayan wannan, ki ɗaga hannu, zan tsaya."

Ta shimfiɗa mata wata 'yar roba a baki, haƙorin kaɗai ya leƙo. Da ta huda shi ta baya, warin da ya fito na san shi sarai. Ta yi ta wankewa da sirinji, ta wanke ta sake wankewa, kusan minti arba'in. Dije ba ta ɗaga hannu ba, sai dai ta riƙe babban yatsana har ya yi fari.

Da aka gama, likitar ta taɓa wani turmin haƙori na yarinta da ya fara girgiɗi a ƙasa. Ta ce, "In wannan ya faɗi me za ki yi da shi?"

Dije ta ce, da leɓenta mai nauyi, "Jefawa zan yi a kan ɗaki. Kuma ba zan bari ƙadangare ya ga giɓin ba."

Dakta Hadiza ta yi dariya, ta ce ita ma haka ta yi da nata duka. Sai ta gaya mini cewa a wasu ƙasashe masu bincike suna karɓar irin wannan haƙorin na famfara, su ciro ƙwayoyin asalin da ke cikinsa, su rene su a ɗakin gwaji har su yi yawa, sannan su dasa su a cikin mataccen haƙorin yaron, nama da jijiyoyi su tsiro. Ta ce har yanzu abin yana matakin gwaji, bai zo mana ba. "Mu a nan da abin da ke jikin yaron muke aiki, a inda Allah ya ajiye shi."

Sha ɗaya da rabi muka kama hanya. Muka kwana Kazaure, Lahadi da hantsi na miƙa Dije ga uwarta.

Bayan wata ɗaya

Abin da likita ta faɗa shi ya faru. Kwana biyar kumburi ya sace, ƙurji ya bushe, Dije ta koma makaranta. Ana saura kwana uku mu koma na kira Manu, sai ya ce, "Baba, ai ta warke. Allah ya saka da alheri. Binta ta ce wai za a sa ƙarfe a tsokano jini. Yarinya tana zaune lafiya a je a tayar mata da ciwo?"

Ban yi gardama a waya ba. Washegari Sale ya sake kai ni rugar. Na sami Manu a gonar gyaɗa, muka zauna a gindin gawo. Na zana masa haƙorin a ƙasa kamar yadda aka zana mini a takarda. Na ce abin da ke ciki yanzu magani ne kawai, ramin fanko ne, bangon siriri, ko shekara biyu ba lalle ya kai ba.

Ya ce, "Baba, kai ka taɓa ganin wanda aka yi wa ya yi?"

Na ce, "Ban taɓa gani ba."

"To ka ga."

"Shi ya sa nake so ka zo mu gani tare. In ka ga abin da bai kwanta maka ba, ka ce a tsaya. 'Yarka ce."

Ya daɗe yana kallon zanen. Ya ce sai ya sami wanda zai tsaya wa shanu. Juma'a da sassafe ya same mu a tashar Gwiwa, da sandarsa da hularsa ta fita.

Wannan karon mun yi sauri, ƙarfe ɗaya muna gidan Malam Idi. Asabar da safe Dakta Hadiza ta duba dasashin, ta ƙwanƙwasa haƙorin, Dije ta ce ba zafi. Ta buɗe, ta wanke maganin, ta busar da ramin. Sannan ta ce, "Baban Dije, matso nan ka tsaya ta bayana." Ta ba shi ɗan madubi mai dogon hannu ta nuna masa inda zai kalla.

Ta zura siririn ƙarfen a hankali, ta juya, ta zaro. Ba abin da ya fito. Ta sake, shiru. Na ga ta ɗan gyara zama. Ta ce wani lokacin haka yake, in naman can ƙasa ya sha wuya ba ya saurin amsawa. Ni dai na kasa duban Manu, domin ni na jawo mutumin nan daga gonarsa. Ta lanƙwasa kan ƙarfen kaɗan ta zura karo na uku.

Manu ne ya fara gani. Ya ce a hankali, "Ga shi nan yana tahowa."

Na leƙa. Wani ɗigo ja ne a can ƙasan ramin, yana hawowa sannu sannu kamar ruwa a sabuwar rijiya. Ta bar shi ya kai inda take so, ta sa 'yar auduga ta tsayar. Muka jira rubu'in awa. Da ya daskare ta ɗora wani farin siminti na musamman a kai, ta cike bayan haƙorin, ta gyara gefen da ya ɓalle har ya yi daidai da ɗan'uwansa.

A mota, bayan mun wuce shingen farko, Manu ya ce, "Baba, abin da ya mutu ai ba ya jini."

Na ce, "Haƙorin ne ya mutu. Abin da ke ƙarƙashinsa bai mutu ba."

Ya gyaɗa kai. Da muka iso Dambatta ya sauka ya sayo wa Dije ayaba, ya ɓare mata da kansa, ya gutsuttsura ƙanana.

Bayan shekara guda

A tsakani mun je Kazaure sau biyu Nasiru ya ɗauki hoto ya aika wa likita ta waya. Na wata uku bai nuna komai ba, sai dai baƙin tabon da ke ƙarshen saiwar ya ragu. Na wata shida Nasiru ya ce kamar bangon ya ƙara kauri, ni kuwa na duba na duba ban ga bambanci ba, na ɗauka kwantar mini da hankali yake yi.

Da damina ta zagayo muka sake ɗaukar hanyar Ɓaɓura mu uku, da sabon hoto a cikin ambulan. Mun tashi daga Kazaure bakwai da kwata, taya ta yi faci bayan Dambatta, sai sha ɗaya muka isa. Dakta Hadiza ta jera hoton farko da na yau a jikin taga. Wannan karon ban buƙaci a nuna mini ba. Bakin mazurarin nan ya tsuke ya kusa haɗewa, saiwar ta ƙara tsawo, bangon da yake kamar zare ya yi kauri.

Ta fesa wani abu mai sanyi a 'yar auduga. Ta ce wa Dije ta rufe ido, in ta ji sanyi ta ɗaga hannu. Ta ɗora a lafiyayyen haƙorin, nan take hannu ya tashi. Ta jira kaɗan, ta ɗora a kan wanda aka yi wa aiki. Na ƙirga a zuciyata har shida, hannu bai motsa ba. Sai Dije ta yamutsa fuska, ta ɗaga yatsa ɗaya.

"Kin ji?"

"Kaɗan. Kamar daga nesa."

Likitar ta ajiye audugar. Ta ce mana kada mu ɗauka abin da ya tsiro a ciki daidai yake da wanda aka haife ta da shi. Masana ma ba su gama sanin ko mene ne ainihinsa ba, wani lokacin yakan fi kama da naman saiwa ko ƙashi. Launin haƙorin ma ba zai koma fari tas ba. Amma nama ne mai rai, jini yana zagawa a ciki, kuma shi ya gina wannan saiwar da muke gani. Ta hana ta shan rake da fasa goruba da haƙoran gaba, ta ce a riƙa kawo ta duba duk wata shida.

Manu ya karɓi hotunan biyu ya ce a bar masa, zai nuna wa mahaifinsa. Ya sa su a aljihun gaba ya maɓalle.

Komawa gida

Mun bar Ɓaɓura bayan azahar, muka isa Kazaure biyar saura. A tasha muka rabu, su suka shiga motar Gwiwa, ni na hau ta Roni. Dije ta leƙo ta taga ta ce, "Kaka, ka gaida Inna," wato matata. Na iso gida ana kiran magariba, lafiya lau, ban da ciwon baya na zaman mota.

Ina gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu a duk tafiye-tafiyen nan. Ina gode wa Sale da baburinsa, da Ladi, da Malam Idi da iyalinsa da suka ɗauki nauyin saukarmu har sau biyu, da Nasiru da ya faɗi gaskiya cewa bai iya ba ya nuna mana wadda ta iya. Dakta Hadiza kuwa, Allah ya ƙara wa mahaifiyarta lafiya, domin albarkacin zuwa gaishe ta muka samu. Mai karatu, in yaronka ya fasa haƙorin gaba, ko ciwon ya lafa, a kai shi a ɗauki hoto da wuri.

Kafin mu rabu a tasha Manu ya ce mini zuwa na gaba shi zai kai ta shi kaɗai, ya san hanya yanzu, ni in zauna in huta. Na ce masa to, Allah ya kai mu. Da na iso gida, kafin in cire takalmi, na leƙa gidan Sale na gaya masa ranar tafiyar, na ce ya zo ya ɗauke ni da wuri.